Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Iyayenmu Na Ikko: A Mayar Mana Da Dambu Da Kunu Ƙofar Masallaci

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu masu riƙe da sarautar Hausawa a unguwannin Ikko, malamanmu limamai, da dattawan kwamitin ciyarwa na masallacin unguwarmu, Allah ya ja zamaninku, ya ƙara muku lafiya da juriyar ɗaukar nauyin jama'a. Gaisuwa ce ta 'ya ga iyayenta, tare da neman afuwa tun kafin in buɗe baki, don na san ba a saba jin muryar mace a irin wannan magana ba. Sau biyu na bi ta ƙofar da ta dace. Na aika ta bakin maigidana, na sake aikawa ta bakin wani dattijo maƙwabcinmu, duka biyun amsar da ta dawo ita ce an riga an gama magana. Shi ya sa na rubuto a fili, inda kowa zai gani.

Ni haifaffiyar Agege ce, ina koyarwa a wata Islamiyya ta matan aure. Kakata ta wajen uwa Bakatsiniya ce. A jirgin ƙasa aka kawo ta tana amarya, gidan wani mai fataucin goro, cikin mutanen da suka yi ta ƙaruwa a Zangon Agege bayan layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912. A hannunta na tashi, a gindin murhunta na koyi ɗan abin da na iya. Yau da yawun mata 11 nake rubutu, waɗanda shekara da shekaru su ke dafa abin buɗa-bakin da ake rabawa a ƙofar masallacinmu. Bakwai daga cikinsu mazansu sun rasu. Akwai Bazazzagiya, akwai Sakkwatawa biyu, akwai Babarbariya, akwai wadda aka auro daga Maraɗi. Ina kuma magana da yawun tsofaffin da ƙafa ta hana su fitowa, waɗanda ake aika wa kwanonsu gida kafin a kira magariba.

Juma'ar da ta wuce, bayan an idar da salla, aka sanar cewa bana kuɗin ciyarwar azumi kacokan za a damƙa wa mai kwangilar abinci guda ɗaya. Zai riƙa kawo dafa-duka da soyayyiyar shinkafa a robobi, da lemon kwalba, tun daga ɗaya ga wata har daren salla. Kunun tsamiya ya fita. Dambu ya fita, faten tsaki ya fita, ɗanwaken ranar Alhamis da burabuskon goman ƙarshe duk an soke su. Dalilan da muka ji su ne saurin rabo, da tsafta, da sauƙin lissafi, da cewa wai yaran yanzu ba sa cin irin wannan cima. Akwai kuma wata magana da ta fito daga bakin ɗaya daga cikin 'yan kwamiti, wadda ba a faɗa a lasifika ba amma ta zaga unguwa kafin la'asar: wai lokaci ya yi da za a daina raba wa mutane abincin ƙauye.

Allah ya sani ba na zargin kowa da mugun nufi. 'Yan kwamiti ba albashi suke ɗauka ba, su ke bin shago-shago cikin rana suna neman taimakon Musulmi, kuma mun gode. Abin da ya sa na haɗa da sauran iyayenmu na sauran unguwanni shi ne, abin bai tsaya a masallacinmu ba. A 'yan shekarun nan na je suna da walimar sauka da ɗaurin aure a Idi-Araba, da Obalende, da Mile 12, har Alaba Rago, kusan ko'ina robar shinkafa ake miƙo wa mutum da yankan nama ɗaya a kai. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Bari in fara da matan nan, tunda su abin ya fara dukan. Abin da ake ba su na aikin wata guda ba wani mai yawa ba ne, amma a kansa suke ɗora lissafin shekara. Da shi ake yi wa marayu ɗinkin salla, da shi ake rage bashin haya, ɗaya daga cikinsu da shi take sayen buhun geron da take jarin fura har zuwa babbar salla. Ba a kira su an gaya musu ba. A bakin yara suka ji, wasu a wajen ɗiban ruwa. Wadda ta fi su shekaru, da duk muke kira Goggo, ta riga ta aika an kawo mata busasshen zogale rabin buhu daga gida da kuɗin adashinta, tana jiran wata ya kama. Da na je gaishe ta ran Asabar ba ta yi ƙorafi ba ko kaɗan. Nuna mini buhun kawai ta yi a bayan ƙofa, ta ce, "'Yar nan, ko kin san mai saye?" Ban sami abin ce mata ba.

Ina roƙon ku ba ni dama in faɗi yadda Goggo ke dambu, domin mafi yawan masu yanke hukunci a kansa a kwano kawai suka san shi. Tun bayan azahar take wanke tsakin masara ta tsane shi. Ta ɗora madambaci a kan tukunyar ruwa, ta kwaɓa garin kuka ta liƙe mahaɗar tukwanen biyu, don kada tururi ya sami hanyar tserewa. Turarawar farko tsakin kaɗai ne. In ya ɗauko nuna sai ta juye a daro, ta yayyafa ruwa da tafin hannu, ta wargaza shi tun yana ƙona yatsa, sannan ta zuba zogale da albasa da attaruhu da dakakkiyar gyaɗa, ta mayar a karo na biyu. A wajen yayyafa ruwan nan gwaninta take. In ya yi yawa dambu ya caɓe ya zama kamar tuwon da bai tuƙu ba, in ya yi kaɗan ya ƙi nuna, ka ji shi kamar yashi a baki. Ba ta da agogo, ba ta da ma'auni. Ƙamshi ke gaya mata ya yi. Ta sauke shi wara-wara, ta kwarara man gyaɗa da aka soya da albasa, ta barbaɗa yajin ƙuli. Duk wannan tana yi ne da azumi a bakinta, ba ta ɗanɗana gishiri ba, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya yi yawa ko ya gaza ba. Mace mai irin wannan ilimi a hannu ita aka sallama ba ko sallama.

Maganar tsafta da saurin rabo gaskiya ce, ba zan kauce mata ba. Akwai shekarar da aka raba kunu a buɗaɗɗen bokiti, ƙudaje suka dame mu, mu ma ba mu ji daɗi ba. Amma wannan gyaransa murfi ne da ludayi mai tsawo da gorunan roba masu marfi. Dambu kuwa ya fi shinkafa da miya sauƙin rabo, tunda ba ya zuba, ba ya ɓata jiki. Ku tuna kuma tun watan Janairun 2024 gwamnatin jihar Legas ta haramta fararen mazuban nan na soso da ake zuba abinci a ciki, don su ke toshe magudanan ruwa. Robar da ta maye gurbinsu ta fi tsada, kuma daga cikin kuɗin sadakar za a saye ta, kullum, har kwana 30. A da kowa da kwanonsa yake zuwa, ya ci ya wanke ya dawo da shi gobe.

Sai tsofaffi da marasa lafiya, kuma wannan ya fi damuna. A layinmu akwai wani dattijo da ya yi rayuwarsa yana fawa a mayankar Oko-Oba, yanzu ciwon suga ya kama shi, idonsa ma ya fara rauni. Likita ya ja masa kunne a kan farar shinkafa da lemon kwalba. Shekara uku ke nan Bazazzagiyar cikinmu na ware masa fatensa daban, ta cika masa yakuwa da alayyafo da gauta, ta rage tsakin, in an sami acca ta yi masa da ita. Ta san wanda ba shi da haƙori, ta san wanda ba ya son yaji, ta san gidan da mai jego take. Mai kwangila adadin robobi aka ba shi, kuma ba laifinsa ba ne in bai san kowa ba. Mutum ya wuni awa 13 da ɗoriya cikin zafin Ikko mai naso, abin da cikinsa ke nema da farko shi ne abu mai ɗumi mai ruwa-ruwa. Kunun tsamiya da aka niƙa geronsa da citta da kanumfari da masoro, mai ɗan gudaji a ciki, shi ke warware hanji ya dawo wa mutum da hayyacinsa kafin ya tashi salla. Gero da dawa da aka bar musu ɗan dusarsu sun fi gogaggiyar shinkafa riƙe ciki, wannan ko ma'aikatan asibiti suna faɗa.

Ba kuma cewa nake duk abin da kakanninmu suka yi daidai ne ba. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi a kan ɗura wa mai jego kunun kanwa ba ƙaƙƙautawa, saboda illar da yake yi wa zuciya, kuma ni da kaina ina faɗa wa ɗalibaina su kiyaye. Abin da ya kamata a rage a rage shi. Amma don kanwa ta yi yawa a kunu ɗaya ba a zubar da tukwanen gida duka.

Yanzu ga kalmar nan ta abincin ƙauye. Iyayena, ta yi mana ciwo, domin duk wanda ke cikin wannan unguwa in an bi sawunsa ƙauye za a tarar, ko nasa ko na ubansa. Ku dubi mutanen da muke zaune a garinsu. Bayarabe mai kuɗi zai kama babban ɗakin taro a Ikeja ko Lekki, ya ware wuri guda ana tuƙa amala da zafinta a gaban baƙi, ana zuba ewedu da gbegiri, manyan mutane da manyan riguna suna bin layi ba kunya. Shinkafar Ofada a ganye suke kawo ta, miyarta cike da iru, wato daddawarsu, wadda daga kalwa ake yin ta kamar tamu. Mu kuwa yarinya za ta toshe hanci in ta ji ana daka daddawa, ta ce a sa dunƙulen kanti kawai. Ibo ma haka suke da akpu da miyar ganyensu, duk inda suka je da abinsu suke tafiya. Wani abin da na daɗe ina lura da shi kuma: tsire da kilishi da balangu, sana'ar mazanmu, babu lungun Ikko da ba a girmama su, har manyan otal suna ajiye mai tsire. Waina da zoɓo da kunun aya ma sun sami shiga wajen maƙwabtanmu. Abin da ke fitowa daga madambaci da tukunyar tuwo, aikin matan cikin gida, shi muke ɓoyewa da hannunmu in baƙo ya zo. Ba Bayarabe ba ne ya ce mana tuwon dawa da miyar kuka abin kunya ne. Maƙwabciyata Bayarabiya duk ranar da na kaɗa miyar kuka da man shanu sai ta aiko da kwano.

Duniya ma ta waiwayo kan abin da muke gudu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 sukutum ta zama shekarar gero da danginsa, har da dawa da acca, bisa shawarar ƙasar Indiya, saboda amfaninsu a jiki da yadda suke jure fari. Nijeriya da Nijar suna sahun gaba a noman gero a duniya. Tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka a kasuwanninta. Ku shiga manyan kantunan tsibiri ku ga zogale, an niƙa shi an ɗura a 'yar kwalba da tambari, ana sayarwa da tsada a matsayin magani. Shi ne dai wanda Goggo ke nema wa mai saye a bayan ƙofarta. Da tsohuwar zuma ake magani, mu ke da zumar, wasu ke shan maganin.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ɓacewar iyawa, kuma na ɗanɗana wannan a gidanmu. Kakata gwanar gauda ce. 'Yan goro masu dawowa daga Arewa su ke riƙo mata ganyen kalgo, ta kwaɓa garin wake da kuka da ruwan kanwa, ta ƙunsa a ganyen ɗaya bayan ɗaya, ta jera a tukunya. In ta buɗe, ƙamshin ganyen ya shiga cikinsa, mu ci da mai da yaji a tsakar gida. Na sha zama kusa da ita tana yi, amma hankalina na kan ci. In na tambaye ta yawan kanwa sai ta nuna mini da yatsu ta ce, "Kamar haka." Bayan ta rasu, Allah ya jiƙanta, mahaifiyata ta kwanta ciwo, ta ce ba abin da take marmari sai gaudar Inna. Na sa aka kawo ganye, na yi. Na farko ya yi ɗaci don kanwa ta zarce. Na biyu ya narke a ruwa. Na zaga Agege ina tambaya, wadda aka ce ta iya ta koma Funtuwa wajen 'ya'yanta. Mahaifiyata ta ci loma biyu na ukun don ta faranta mini, ta ce ya yi, ni kuwa na san bai yi ba. Har yau abin yana raina.

Cikin matan nan 11, biyu ne kawai suka iya alkaki tun daga tsima alkama har tsoma shi a ruwan zuma, ɗaya ce ta iya nakiyar da za ta shekara ba ta lalace ba. Yanzu in za a kai garar amarya sai an yi saƙo Kano a ɗoro a mota. Miyar karkashi, da kwaɗon rama, da tubani, da dashishi, da kwaɗon ƙanzo, ku tambayi 'yan matan da aka haifa a nan ku ji nawa ne suka taɓa gani.

Kada a ɗora wa iyaye mata laifin duka, don zaman Ikko bai bar musu wuri ba. Iyali guda a ɗaki ɗaya, madafa ta haɗaka da gida goma. Mai gida ya hana hura itace, wanda ke bene an hana shi daka, turmi ya zama abin ajiye bokiti. Injin unguwa na markaɗen tattasai da wake ne. Ka kai masara a ɓarza maka tsaki, mai injin ya mayar da ita gari, don bai san abin da kake nufi ba. Danshin iska kuma ga shi: garin kuka ya dunƙule, ganye ya ƙi bushewa da damina, gari ya yi fumfuna cikin mako biyu. Matar da ta fita neman abinci da asuba, gosulo ya riƙe ta har bayan isha, ba za a ce ta tsaya surfe da bakace ba. Abin da zai dahu cikin minti biyar za ta ɗora. Saboda haka babbar tukunyar jama'a, ta azumi da ta suna da ta biki, ita kaɗai ta rage inda yarinya za ta tsaya kusa da tsohuwa ta ga yadda ake yi. Duk azumi 'yan mata biyar ko shida ke taya su Goggo gyaran zogale da tankaɗe, a nan biyu daga cikin ɗalibaina suka iya ɗanwake, har ɗaya tana sayarwa da safe yanzu. Tukunyar nan a hannunku take. In kun kife ta, makarantar ce kuka rufe.

Cewa yara ba sa ci kuwa, ina gayyatar mai wannan magana ya tsaya a layin rabo ran da aka yi ɗanwake. Su wa ke cika layin ma? 'Yan ci-rani ne, 'yan ga-ruwa, 'yan dakon kasuwa, masu gadi, masu gyaran takalmi, samarin Jigawa da Zamfara da Yobe da Damagaram da suka baro iyayensu. Wata 11 suna kan burodin Agege da shayi da taliyar leda a teburin mai shayi. Bara wani yaro mai tura kurar ruwa, da bai fi shekara 17 ba, ya karɓi dambunsa ya koma gefe ya ci, sai ga shi ya dawo yana tambayar wadda ta dafa. Muka zaci wani abu ya gani a ciki. Aka nuna masa Goggo, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Inna, rabona da wannan tun ran da na baro Gumel. Allah ya saka da alheri." Daga ranar har salla shi ke kawo mata ruwan girki, ya ƙi karɓar ko sisi.

Ta fuskar kuɗi ma lissafin bai goyi bayan shinkafa ba. Gaskiya ne tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ɗaga komai, kuma tsakanin Kano da nan tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Duk da haka ku aika kasuwar Mile 12 a tambayo bokitin fenti na masara ko gero, a tambayo na shinkafa, ku gwada da kanku. Ga shi tsaki yana da auki, ganye kuma yana ƙara masa yawa, ba ya neman tumatir da nama kafin ya ciwu. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ba nisa da kaka, lokacin da hatsi ke da sauƙi a Dawanau da kasuwannin ƙauye. Kuɗin da zai ciyar da mutum ɗari da robar shinkafa zai ciyar da fiye da haka da dambu da kunu, kuma ya zaga cikin unguwa, daga mai hatsi zuwa mai gawayi zuwa gidan marayu.

Ga abin da muke roƙo, cikin ladabi.

Kwamiti ya sake zama a kan wannan hukunci kafin Sha'aban ya raba. Ba mu ce a kori mai kwangila ba, shi ma neman halalinsa yake, kuma akwai masu son shinkafar. A raba kwanakin: ko da kwana huɗu a mako a bar wa matan nan su yi dambu da fate da ɗanwake da burabusko, sauran a kawo shinkafa. Kunu kuwa a bar shi kullum, kada a musanya shi da lemon kwalba ko da rana ɗaya. A kuma ci gaba da ware kwanon tsofaffi da marasa lafiya a hannun wadda ta san su.

A sa mata biyu daga cikin masu girkin a zaman da za a yi, ko a bayan labule ne, ko a aiko wakili ya same su a gida. Shekara da shekaru ana shawarar abinci ba a taɓa tambayar mai riƙe da muciya ba, kuma da an tambaye ta da ba a kai ga wannan wasiƙa ba. In an amince, a ba su rabin kuɗin tun kafin wata ya kama, domin bashin da suke ci wajen mai hatsi shi ke cinye ɗan abin da suke samu.

Muna roƙon iyayenmu sarakuna su yi magana da fatakenmu masu lodin shanu da albasa da hatsi daga Arewa. Motocin nan kullum suna shigowa. Buhu biyar na gero da masara, da ƙullin kuka da daddawa da tsamiya da busasshen ganye, ba za su gagari tirela ba, kuma na tabbata akwai masu neman ladan. A ajiye hatsin da ƙwayarsa a buhun nan mai leda biyu a ciki da manoman wake ke amfani da shi, ba sai an zuba magani ba, a riƙa ɓarzawa kaɗan-kaɗan saboda danshi.

Akwai fili a bayan makewayin masallaci inda aka tara tsofaffin benci. In an share shi aka kafa rumfar kwano, aka sa murhun gawayi uku da ƙaramin injin ɓarza, ya ishe mu. Bayan azumi ba zai zauna banza ba. Na ɗauki alkawari a gabanku, duk Asabar bayan an tashi Islamiyya zan kawo ɗalibaina, tsofaffin nan su koya musu abu ɗaya-ɗaya, ni kuma in zauna da littafi da ma'auni in rubuta, don "kamar haka" ta zama cokali kaza da kofi kaza. Samarin da ke son koyon sana'a su ma ƙofa a buɗe take, ai masu waina da masu gurasa maza ne da yawa a Kano.

Roƙo na ƙarshe ya fi sauran sauƙi, kuma ya fi su nauyi a wajen jama'a. Ranku ya daɗe, in kun tara baƙi a fada ko a gidajenku, ran salla ko ran naɗin sarauta ko auren 'ya'yanku, ku sa a fito da tuwon dawa da miyar kuka a akushi, da funkaso da miyar taushe, da fura a ƙwarya, a ajiye a gaban manyan baƙi, ku ma ku sa hannu a gani. Talaka abin da ya ga babba na ci shi yake kai wa bikin 'yarsa. Malamanmu kuma su taɓo maganar a wa'azin azumi, cewa raina abincin da Allah ya rayar da iyayenmu da shi ba ɗabi'ar mai godiya ba ce.

Matan sun haɗa kuɗi a tsakaninsu sun sayi masara bokiti biyu. Juma'a mai zuwa bayan la'asar, in Allah ya kai mu, Goggo za ta turara dambu da zogalen nan nata, Babarbariyarmu za ta yi burabusko, za a dama kunun tsamiya a zuba a goruna masu marfi kamar yadda muke so a riƙa yi. Za mu aiko da shi zauren liman a rufe, da yaran da za su raba, don ku ga tsaftar da saurin da idonku kafin ku sake zama. Muna roƙon a sanar da 'yan kwamiti duka su tsaya, har da wanda ya yi waccan magana.

Allah ya kai mu watan lafiya, ya karɓi ibadunmu, ya jiƙan magabatanmu.

Wassalamu alaikum.

'Yarku,
daga Agege, a madadin masu girkin buɗa-baki.